Kafin Jirgi Ya Tashi: Shari'ar Masu Neman Mafaka da Gwamnatin Birtaniya

Da la'asar sakaliya ranar Talata, 14 ga watan Yuni na shekarar 2022, a wani filin jirgin sama na soja da ake kira Boscombe Down, can kudancin Ingila, inda a irin wannan lokaci na bazararsu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, akwai wani ƙaton jirgi ƙirar Boeing 767 a tsaye, ya sha mai ya ƙoshi, matuƙa da dogarai sun hallara, an kuma yanke masa ƙarfe goma da rabi na dare ya ɗaga ya nufi Kigali, babban birnin Ruwanda. Gwamnatin Birtaniya ce ta yi shatarsa daga wani kamfani na ƙasar Sifaniya, a kan kuɗin da jaridun ƙasar suka ƙiyasta ya kai fam 500,000. Jirgi ne mai cin mutum fiye da ɗari biyu, amma waɗanda suka rage a takardar fasinjojinsa a wannan yini ba su wuce bakwai ba, domin daga cikin mutum wajen 130 da aka fara aika wa takardar sanarwa, lauyoyi sun yi ta zare su ɗai-ɗai tun makon da ya gabata.

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan mutumin Iraƙi ne mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda kotu ta sakaya sunansa ta kira shi da haruffa uku, N.S.K. Ya bar ƙasarsa a watan Afrilu, ya bi ta Turkiyya, ya keta ƙasashen Turai, ya tsallaka mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila cikin kwale-kwale, ya nemi mafaka ranar 17 ga Mayu. Bayan mako guda aka miƙa masa takarda cewa ana nufin kai shi Ruwanda. Bayan kwana uku likitan gidan da ake tsare da shi ya duba shi ya rubuta cewa da alama an taɓa gana masa azaba, amma wannan bai hana a sa masa rana ba. Lauyoyinsa suka je babbar kotu ranar Juma'a, ta ƙi tsayar da tafiyar. Suka je kotun ɗaukaka ƙara ranar Litinin, ta ƙi. Suka je Kotun Ƙoli da tsakar ranar Talatar, ita ma ta ƙi. Da suka ga ƙofofin Landan duk sun rufe, sai suka kai kukansu cikin gaggawa ga Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, a Faransa, kuma kafin duhu ya shiga alƙalin da ke bakin aiki a can ya ba da umarni, bisa ƙa'ida ta 39 ta dokokin kotun, cewa kada a fitar da mutumin sai mako uku bayan kotunan Birtaniya sun yanke hukuncinsu na ƙarshe. Sauran shida suka riƙe wannan igiya, aka yi ta sauko da su, har da waɗanda an riga an shigar cikin jirgin, wajen ƙarfe goma babu ko mutum ɗaya da ya saura. Jirgi ya koma Sifaniya da kujerunsa wayam.

Ya kamata mai karatu ya lura da abin da wannan alƙali ya faɗa da abin da bai faɗa ba, domin a nan ne jigon maganar yake. Bai ce N.S.K. ɗan gudun hijira ne na gaskiya ba, bai kuma ce shirin gwamnati ya saɓa wa doka ba. Iyakarsa ya ce a dakata, kuma hujjarsa ita ce idan aka kai mutumin Ruwanda, wadda ba ta ƙarƙashin ikon kotun Turai, sa'an nan daga baya aka tarar an zalunce shi, babu wata doka da za ta tilasta a dawo da shi. 'Yan siyasar Ingila sun yi ta gunaguni cewa alƙalin da ba a ma bayyana sunansa ba, yana zaune a wata ƙasa, ya ɗaure hannun zaɓaɓɓiyar gwamnati da daddare, kuma ba zan ce gunagunin nan ba shi da tushe ko kaɗan ba, don kuwa alƙali ya fi kwarjini idan an san fuskarsa. Amma abin da ya umarta daɗaɗɗen abu ne a wurinmu.

Duk wanda ya yi karatun sira a zaure, idan ya ji wannan labari, da wuya zuciyarsa ba ta koma Habasha ba. Malaman tarihi sun ruwaito daga Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, cewa a lokacin da tsanani ya yi yawa a Makka, sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ƙetare teku suka sauka a ƙasar Najjashi, sai Ƙuraishawa suka tashi manzanni biyu, Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a, suka haɗa musu tsarabar jemammun fatu, waɗanda Habashawa ke matuƙar so. Hikimar da aka kitsa musu ita ce su fara bin fadawa da manyan limaman fada ɗaya bayan ɗaya, kowa a ba shi rabonsa, a kuma roƙe shi abu guda: idan an zo gaban sarki, ya ba shi shawara ya miƙa mutanen nan ba tare da ya yi magana da su ba. Haka kuwa aka yi, fadawa suka ce ai danginsu sun fi kowa sanin su, a mayar musu da su. Najjashi ya fusata, ya yi rantsuwa cewa mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa a kan ta kowa ba zai ba da su ba sai ya kira su ya ji ta bakinsu. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi bayani, ya karanta wani yanki na Suratu Maryam. Kashegari Amru ya komo da wata sabuwar tuhuma, aka sake kiran su aka sake ji. Daga ƙarshe aka mayar wa manzanni tsarabarsu. Abin lura shi ne Amru, mutumin da Larabawa suka sallama wa a wajen wayo, bai ji tsoron ƙarfin muhajirai ba, don ba su da shi. Abin da ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana shi ne a saurare su. Daga irin wannan tushe ne malaman fiƙihu suka shimfiɗa babin amana, inda suka tabbatar cewa wanda aka ba aminci, ko da mace ce ta ba shi, kamar yadda Ummu Hani ta yi ranar buɗe Makka, ba a miƙa shi ga mai neman jininsa, idan kuma zamansa ya ƙare sai a kai shi inda zai amintu.

Duniyar wannan zamani kuwa sai da ta ga uwar bari kafin ta rubuta wannan ƙa'ida a takarda. A watan Mayu na 1939 wani jirgin ruwa mai suna St. Louis ya bar Hamburg ɗauke da mutum 937, galibinsu Yahudawa masu gudun Hitila. Kyuba ta karɓi 'yan ƙalilan ta kori saura, Amurka ta ƙi, Kanada ta ƙi, jirgi ya juya ya komo Turai, kuma daga cikin waɗanda aka sauke a Beljiyam da Holan da Faransa, 254 suka halaka bayan da Jamus ta mamaye ƙasashen. Bayan yaƙi, ranar 28 ga Yuli 1951, aka ƙulla mu'ahadar 'yan gudun hijira a Janeba, sashe na 33 ya haramta wa kowace ƙasa ta kori ɗan gudun hijira ko ta mayar da shi, ta kowace fuska, zuwa inda ransa ko 'yancinsa zai shiga haɗari saboda jinsinsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko jama'ar da ya fito daga cikinta, ko ra'ayinsa na siyasa. Kalmomin nan na kowace fuska su ne suka haifi rabin shari'o'in da suka biyo baya, domin masana sun ɗauke su a kan cewa wanda ya miƙa mutum ga ƙasa ta biyu, alhali ya san ita za ta miƙa shi ga ta uku inda wuƙa ke jiransa, daidai yake da wanda ya kai shi da hannunsa. Mu'ahadar ta yi togaciya ga wanda ya zama barazana ga tsaron ƙasar da ya sauka, amma kotun Strasbourg, a shari'ar wani Basikhe mai suna Chahal a 1996, ta ce idan azabtarwa ce ke jiran mutum to babu togaciya ko ɗaya. Ƙasashen Afirka su ma sun yi tasu mu'ahadar a Adis Ababa ranar 10 ga Satumba 1969, wadda ta fi ta Janeba faɗi, don ta shigo da masu gudun mamaya da tarzomar da ta hargitsa ƙasa, ta kuma ambaci korar mutum daga bakin iyaka da sunanta.

Adalci ne a faɗi hujjar gwamnatin Birtaniya yadda ita ta faɗe ta, domin ba hujjar banza ba ce. A 2021 mutum fiye da 28,000 suka tsallako daga gaɓar Faransa cikin kwale-kwalen roba, a 2022 suka haura 45,000, kuma ranar 24 ga Nuwamba 2021 aka tsamo gawa 27 bayan da ɗaya daga cikin kwale-kwalen ya sace a tsakiyar ruwa cikin sanyin hunturu. Masu safarar mutane suna karɓar dubban fam a kan kowane kai. Gwamnati ta ce waɗannan mutane daga Faransa suke tasowa, ƙasar da babu mai farautarsu a cikinta, saboda haka idan kowa ya tabbata cewa wanda ya shigo ta ruwa ba zai zauna a Ingila ba, kasuwar 'yan safara za ta mutu, nutsewa ta ƙare. A kan haka ne ranar 14 ga Afrilu 2022 Firayim Minista Boris Johnson ya yi shela, ministar cikin gida Priti Patel kuma ta sa hannu a Kigali tare da ministan harkokin wajen Ruwanda, Vincent Biruta, aka biya kafin alƙalami na fam miliyan 120. Sharaɗin da mutane da yawa ba su fahimta ba da farko shi ne tafiyar ba ta da dawowa: Ruwanda ce za ta duba buƙatar mutum bisa dokarta, idan ta karɓe shi a can zai zauna, idan ta ƙi shi kuma al'amarinsa yana hannunta. Aka gyara wani masauki a Kigali mai suna Hope Hostel, wanda a da marayun kisan ƙare dangi na 1994 ke kwana a cikinsa, aka shimfiɗa gadaje na mutum ɗari, aka kai 'yan jarida suka ɗauki hoto.

Matakan farko na shari'ar ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar 19 ga Disamba 2022 alƙalai biyu na babbar kotu suka ce shirin halal ne a doka, ko da yake sun soke hukuncin da ma'aikatar cikin gida ta yanke a kan mutum takwas da suka kai ƙara, don ba ta duba halin kowannensu yadda ya kamata ba. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan hukunci da rinjayen biyu a kan ɗaya, kuma wanda ya saɓa ɗin shi ne Alƙalin Alƙalan Ingila da kansa, Lord Burnett, abin da ke nuna mas'alar ba ta kasance mai sauƙi ba ko a wurin manya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta zauna kwana uku a watan Oktoba, ranar 15 ga Nuwamba 2023 shugabanta Lord Reed ya karanta hukuncin da alƙalai biyar suka yi ijma'i a kansa: shirin ya saɓa wa doka.

A nan ya dace mu ɗan tsaya, domin yadda kotun ta isa ga hukuncin ya fi hukuncin kansa amfani. Tambayar farko da ta warware ita ce, wa zai auna haɗarin? Babbar kotu ta ɗauka aikinta shi ne ta duba ko minista yana da uzurin yarda da alkawarin Ruwanda. Kotun Ƙoli ta ce wannan kuskure ne: wajibi ne alƙali ya ɗauki bayyina da hannunsa ya auna, ya ga ko akwai dalilai masu nauyi na zaton cewa mutum zai faɗa haɗari na haƙiƙa. Ba yaƙini ake nema ba, domin wanda ya ce sai ya sami yaƙini a irin wannan mas'ala, to sai bayan an binne mutumin zai same shi. Sa'an nan ta ce shaidar Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda babbar kotu ta ɗauka da sauƙi, tana da nauyi na musamman, saboda ita ce ke da ma'aikata a Ruwanda shekara da shekaru suna ganin abin da ke gudana a ofisoshi da filin jirgi.

Ga kuwa abin da hukumar ta kawo. Daga 2020 zuwa 2022 Ruwanda ba ta karɓi buƙatar ko mutum ɗaya ba daga cikin 'yan Afganistan da Siriya da Yaman da suka nemi mafaka a wurinta, alhali Birtaniya da kanta tana karɓar kusan duk mutumin Siriya da ya nema, kuma irin waɗannan mutane ne za su cika jiragen. Ta kawo labarin mutum fiye da ɗari da aka mayar ko aka tura wata ƙasa, har da waɗanda abin ya same su bayan an sa hannu da Birtaniya. Dokar Ruwanda ta ba wanda aka ƙi damar ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu tun 2018, amma ba a sami shaidar ko mutum guda da ya taɓa bin wannan hanya ba. A watan Fabrairun 2018 'yan gudun hijirar Kwango daga sansanin Kiziba suka yi zanga-zanga saboda an rage musu abinci, 'yan sanda suka buɗe wuta, aƙalla 12 suka mutu. A Janairun 2021 kuma, wata goma sha biyar kacal kafin yarjejeniyar, wakilan Birtaniya da bakinsu suka tsaya a Janeba suka nemi Ruwanda ta binciki kisan gilla da azabtarwa da ɓatar da mutane. Amma shaidar da ta fi kowace yanka ita ce ta Isra'ila. Daga 2013 zuwa 2018 Isra'ila ta yi irin wannan ciniki da Ruwanda, ta riƙa tura mata 'yan Eritiriya da Sudan, da alkawarin za a ba su takardu ba za a kore su ba. Abin da ya faru kuwa shi ne ana karɓe musu takardunsu da sun sauka, bayan 'yan kwanaki a tsallaka da su Yuganda a ɓoye, daga nan wasunsu suka sake ɗaukar hanyar sahara da Libiya. Jami'an Birtaniya sun san da wannan ciniki, amma ba su bi diddigin yadda ya ƙare ba kafin su ƙulla nasu. Ko mai ba da 'yarsa aure yakan tambayi yadda manemin ya rabu da matarsa ta fari.

Akwai wata magana da ta yi ta yawo a lokacin, har a bakin wasu 'yan Afirka, cewa hukuncin raini ne ga baƙar fata, wato Bature ya ce ƙasar Afirka ba ta isa ta riƙe baƙo ba. Na fahimci inda zafin ya fito, domin Ruwanda tana riƙe da 'yan gudun hijira fiye da 100,000 daga Kwango da Burundi, ta kuma karɓi waɗanda aka kwaso daga kurkukun Libiya ta sauke su a Gashora tun 2019, kuma wasu daga cikin masu adawa da shirin a Ingila sun yi magana a kan Afirka da irin harshen da bai dace ba. Amma kotun ba ta faɗi haka ba. Ta yarda cewa Ruwanda ta shiga yarjejeniyar da kyakkyawar niyya, ta yarda cewa kai mai neman mafaka wata ƙasa ta uku ba haramun ba ne a kan kansa, ta ma ce mai yiwuwa a gyara tsarin nan gaba. Abin da ta ce shi ne niyya daban, iyawa daban, kuma ita a kan halin da ake ciki yau take hukunci. Ta kuma toshe wata ƙofa da masu neman a fice daga kotun Strasbourg suka daɗe suna leƙe, inda ta nuna cewa haramcin yana cikin mu'ahadar 1951, da mu'ahadar hana azabtarwa, da dokoki da dama da majalisar Birtaniya ta kafa da hannunta, saboda haka ko an rabu da Turai ƙa'idar tana nan daram.

Abin da gwamnatin Firayim Minista Rishi Sunak ta yi bayan wannan shi ne, a ganina, mafi ban mamaki a dukan labarin. Ranar 5 ga Disamba 2023 sabon ministan cikin gida, James Cleverly, ya je Kigali aka mayar da yarjejeniyar cikakkiyar mu'ahada, aka rubuta cewa wanda aka kai ba za a fitar da shi zuwa ko'ina ba sai Birtaniya, aka yi alkawarin kafa sabuwar kotun ɗaukaka ƙara da alƙalai daga ƙasashe daban-daban. Wannan gyara ne na hankali, kuma da an jira an ga ya kama aiki, da ba wanda zai yi magana. Sai dai ba a jira ba. Aka kawo wa majalisa wata doka wadda ta wajabta wa kowane ma'aikaci da kowane alƙali ya ɗauki Ruwanda a matsayin ƙasa mai aminci, ɗauka ta yanke, ba tare da sauraron wata hujja a kan akasin haka ba. Ta jingine wasu sassa na dokar haƙƙin ɗan adam ta 1998. Ta kuma ce minista ne kaɗai zai ga dama ya bi umarnin dakatarwa irin na daren Boscombe Down ko ya ƙi. 'Yar ƙofar da aka bari ita ce mutum ya kawo ƙaƙƙarfar hujja a kan wani haɗari da ya keɓanta da shi shi kaɗai. A fuskar takardar dokar ma ministan ya rubuta cewa ba zai iya tabbatar da ta dace da mu'ahadar haƙƙin ɗan adam ta Turai ba, amma yana so majalisa ta ci gaba. Malaman usulu sun bambanta tsakanin hukunci da tabbatar illarsa a kan mas'ala: mai iko yana iya sauya hukunci, amma ko illa ta tabbata ko ba ta tabbata ba, wannan aikin ido ne da shaida. Sarki yana iya hana ɗiban ruwa a rijiya, yana iya halattawa, amma idan ya sa sanƙira ya yi shela cewa daga yau rijiya kaza tana da ruwa, guga ne zai ba da amsa. Majalisar dattawa ta yi ta mayar da dokar ana komo mata da ita har ta gaji ta sakar wa zaɓaɓɓu, a daren 22 ga Afrilu 2024 ta wuce, kuma kafin gari ya gama wayewa mutum biyar suka mutu a gaɓar Faransa wajen cusa kai cikin kwale-kwale, har da yarinya 'yar shekara bakwai. Kowane ɓangare ya ɗauki wannan mutuwa hujja a kan ɗan'uwansa.

Ba a kai ga gwada dokar a gaban Kotun Ƙoli ba. An kama mutane an tsare don a cika jirgi, sai Sunak ya kira zaɓe, aka sake su a kan beli, jam'iyyar Leba ta ci ranar 4 ga Yuli 2024, bayan kwana biyu sabon Firayim Minista Keir Starmer ya ce shirin ya mutu an binne shi. Sabuwar ministar cikin gida, Yvette Cooper, ta gaya wa majalisa cewa an kashe fam miliyan 700, daga ciki miliyan 290 an biya Ruwanda, kuma mutum huɗu ne suka tafi, su ma da son ransu bayan an ba su kuɗin guzuri. Kwale-kwale kuwa ba su fasa ba, a shekarar 2024 mutum fiye da 36,000 suka tsallako. Wanda ya ce alƙalai sun warware matsalar ruwan nan bai faɗi gaskiya ba, kuma su ma ba su yi da'awar haka ba.

To, me zai faru da jirgin Boscombe Down ya tashi a wancan dare? Ba sai an yi duba ba, don akwai inda ya tashi. A watan Mayu na 2009 jiragen ruwan Italiya suka tare mutum wajen 200 a kudancin tsibirin Lampedusa suka mayar da su Tarabulus ba tare da an tambayi ko ɗaya sunansa ba; 24 daga cikinsu, 'yan Somaliya da Eritiriya, suka kai ƙara, kotun Strasbourg ta ba su gaskiya ranar 23 ga Fabrairu 2012 da diyyar Yuro 15,000 kowanne, amma kafin ranar biyu sun rasu, wasu kuma lauyoyinsu sun daina jin ɗuriyarsu. Inda kuwa alƙali ya riga mota, kamar a Nairobi ranar 9 ga Fabrairu 2017 da Mai Shari'a John Mativo ya soke umarnin gwamnatin Kenya na rufe sansanin Dadaab da kwashe 'yan Somaliya, mutane sun kwana a inda suke. Dattawan Arewa za su tuna Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Borno, wanda aka ɗauka a watan Janairun 1980 aka tsallakar da shi Cadi a kan wai baƙo ne, kotun Maiduguri ta soke umarnin ya komo gida. Amma shi ɗan ƙasa ne, da jam'iyya a bayansa, kuma babu gwamnatin da ke jiransa da ankwa a can ƙetaren. Ɗan gudun hijira ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, hukuncin da ya zo masa a makare ihu ne bayan hari.

Mu ma a nan gida muna da namu. Ranar 5 ga Janairu 2018 jami'an tsaro suka shiga otal ɗin Nera da ke Abuja suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe, jagoran masu neman ɓallewar yankin masu Turancin Ingilishi daga Kamaru, tare da abokan tafiyarsa, galibinsu malaman jami'a da lauyoyi. Mutum yana iya ƙin aƙidarsu ƙwarai, ba ita ce mas'alar ba. Makonni uku ana tsare da su, iyalai da lauyoyi suna yawon ofis-ofis ba wanda ya ce ga inda suke, sai a ƙarshen watan kakakin gwamnatin Kamaru ya yi shela a Yawunde cewa mutum 47 sun iso hannunsu daga Nijeriya. Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce galibinsu sun riga sun shigar da buƙatar mafaka, kuma Nijeriya ta sa hannu a mu'ahadar Janeba da ta Adis Ababa, ta ma shigar da haramcin cikin dokarta ta 'yan gudun hijira ta 1989. Babu alƙalin da aka kai su gabansa kafin a sa su a jirgi. Lauya Femi Falana ya shigar da ƙara a madadinsu, ranar 1 ga Maris 2019 Mai Shari'a Anwuli Chikere ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa kamun da korar duk sun saɓa wa doka da tsarin mulki, ta umarci gwamnati ta biya su diyya ta kuma dawo da su Nijeriya. Bayan wata biyar da kwana goma sha tara, ranar 20 ga Agusta 2019, kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai, aka mayar da su kurkukun Kondengui, a shekara ta gaba kuma kotun ɗaukaka ƙara ta can ta tabbatar da ɗaurin.